Ranar da Na Ce wa Ƙanwata Ta Yi Kuka

Mu uku iyayenmu suka haifa a gidanmu na Rano: ni ce babba, sai ƙanena, sai auta mace. Na girmi namijin da shekara tara, shi kuma ya girmi autar da shekara ɗaya da 'yan watanni, saboda haka rabin rainonsu a bayana aka yi shi. Tun suna rarrafe na san ba irin 'ya'yan maƙwabta ba ne. Ba sa kallon idon mutum. In za ka kira su sai ka kira sau uku. Ranar biki ko suna, da mata sun fara guɗa sai shi ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado, ita kuma ta ƙanƙame ƙafata ta sandare. Abu ɗaya ne yake damun su, ni shaida ce. Amma mutane ba su taɓa yi musu hukunci iri ɗaya ba, kuma ga ni na haura hamsin haushin bai huce min ba.

Ƙanena yana ɗan shekara bakwai ya kwance famfon feshi na Baba, wanda ake yi wa albasa magani da shi. Ya jera kayan cikinsa a kan tabarma daga ƙarami zuwa babba, ya goge kowanne, ya mayar. Baba ya riga ya ciro tsumagiya, sai ya gwada famfon ya ga ya fi da feshi. Daga ranar aka sallame shi daga duk wani abu da ake nema wajen ɗan Adam. Bai gaida baƙo ba, a ce ai kansa yana wajen inji. Ya tashi ana tsakiyar magana ya fita, a ce masu basira haka suke. Yau yana da rumfarsa a bakin hanya, manoman rani daga Madachi da Zurgu suna ɗauro masa injin ban-ruwa a bayan babur. Mutum zai zo da dogon sallama da tambayar iyali, shi kuwa ya kasa kunne ga ƙarar injin ya ce masa, yaushe rabonka da canja baƙin mai. Sai su yi dariya su ce Malam ba ya son surutu. Da ya isa aure aka samo masa mace mai baki da son mutane, ita take yi masa barka da dubiya da ta'aziyya. Namiji in bai iya zama da jama'a ba, ana samo masa wadda za ta iya a madadinsa.

Auta ba ta sami wannan gatan ba. Ita 'ya mace ce, dole ta san wa ake durƙusa wa da gwiwa biyu, wa ake yi wa ɗaya, ta san cewa in baƙuwa ta ce ta ƙoshi to ƙari take jira. Wata rana gwaggonmu ta zo, aka ajiye mata dambu, ta ce a'a wallahi a bar shi, a ƙoshe take. Auta ta ɗauke kwanon daga gabanta ta mayar madafa. Ta sha duka a ranar, kuma har aka gama dukan ba ta san laifinta ba. Ga kuma ɗaya matsalar, wadda ta fi tsorata Inna. In aka daki wani yaro a Islamiyya, ko aka kwantar da akuya za a yanka, sai abu ya taso mata. Ihu take yi da wata murya da ba ta yi kama da tata ba, tana jijjiga gaba da baya, tana buga goshi da bango. Aka ce iskokai ne. Ta sha rubutu, ta sha hayaƙi, an yi mata tofi har an gaji.

Ina kwalejin horon malamai lokacin, kaina cike da sabon ilimi da girman kai, sai na ce a bar min ita. Na zaunar da ita na riƙa ba ta dokoki ɗaya bayan ɗaya, don na lura in abu ya zama doka ba ta karya shi. In an ce miki kaza, ki amsa da kaza. In ba za ki iya kallon ido ba, ki kalli haɓa. Babbar dokar ita ce, in kika ji abin ya taso miki a gaban mutane, ki haɗiye shi, ki nemi aiki ki ba hannunki. Ta kama dokokin nan gam. Ta koma tana nazarin mutane yadda ɗan'uwanta yake nazarin inji: wace ce ke son a yabi girkinta, wace ce ba a ambatar ɗanta na fari a gabanta, sau nawa ake ƙin kyauta kafin a karɓa. Kafin ta kai sha takwas ana misali da ita a unguwa wajen kunya da natsuwa, ni kuma ina ta hura hanci. Abin da ba sa gani shi ne, duk taron da ta je sai ta yi kwana biyu a ɗaki da labule a sake, kanta na sarawa, ba ta iya ko amsa sallama.

Sunan abin ban same shi ba sai da dukansu suka girma. Ina koyarwa a firamare aka tura mu bita Kano a kan yara masu buƙata ta musamman, wata malama ta tsaya tana bayanin abin da ta kira otizim. Na ji wasu a rediyo suna ce masa galahanga, amma ni kalmar ba ta kwanta min ba. Tana magana ina ganin tsakar gidanmu. Ta ce an fi saurin gane shi a jikin maza, don sau da yawa hankalinsu yana tafiya ga abubuwa da yadda suke aiki, kowa yana gani. Mata kuwa da yawansu sukan juya wannan hankalin kan mutane, su haddace zaman duniya kamar karatun allo, su ɓoye abin har ya cinye su. Ta kuma ce kada mu ruɗe da zancen wai ba su da tausayi. Gane abin da ke fuskar mutum daban, jin zafinsa daban, kuma mutum yana iya rasa na farko yana da na biyu har ya yi masa yawa.

Na dawo gida da zumuɗi na yi musu tambayoyin da aka ba mu, kowa shi kaɗai. Na tambayi ƙanena ko yana gane in matarsa ta yi fushi. Ya ce in ta faɗa. Na ce in ba ta faɗa ba fa. Ya dube ni kamar na tambaye shi abin banza, ya ce to ta faɗa mana, in ta faɗa zai gyara. Na tambayi Auta ko ita tana gane in matar tasa ta yi fushi. Ta yi lissafi, sannan ta ce tana ganewa, amma sai bayan kwana biyu, in ta zauna ta maimaita duk abin da aka faɗa da yadda aka ajiye kwano. Na ce in ta gane fa.

"Sai in ji shi a nan," ta ce, ta dafa ƙirjinta. "Ba ya fita. Ita ta huce tuni, ni ina nan da shi."

Na gaya musu sunan abin. Shi ya ce to, ya koma kan fulogin injinsa. Ita ta tambaye ni ko akwai sabuwar doka, na ce babu, ta ci gaba da waɗanda take da su.

Aurenta ya zo da sauƙi fiye da yadda muka zata. Wani tela ne a Kibiya, mutum mai sanyin hali, ya ganta a gidan wata 'yar'uwarmu ya ce yana so, ita ma ta ce tana so, a fili, ba tare da rufe fuska ba. Ya taɓa gaya min cewa a gidansa ne kawai yake hutawa, don abin da matarsa ta faɗa shi ne abin da take nufi. Ya san ba ta son hayaniya, ya yi mata ɗaki a can ƙarshen gidansu na gado, nesa da turmi da yara. Suka haifi 'ya mace guda ɗaya. Yarinyar tana shekara shida ciwon ƙoda ya kama shi. Wata goma sha ɗaya Auta tana jinyarsa, kuma ban taɓa ganin jinya irin wannan ba. Ba ta iya zaman riƙe hannu da daɗin baki, amma magani bai taɓa wuce lokacinsa ba, ta san abin da ya ci da abin da ya fitar, ta san gefen da in ya kwanta numfashinsa ya fi sauƙi. Ya rasu da hantsi, cikin damina, ana tsakiyar noma na biyu.

Duk wanda ya san zaman makoki a wajenmu ya san gida biyu ake yi. Maza a waje kan tabarmi, mata a ciki. Na waje aikinsa kaɗan ne: ka zauna, ka sunkuyar da kai, a ɗaga hannu ka ɗaga, a shafa ka shafa. Ƙanena ya yi kwana uku a kan tabarmar nan da fuskarsa ta kullum, wadda ba a karanta komai a kanta, ba ya cewa komai sai amin. Da lasifikar masallacin ƙofar gidan ta fara shaƙewa ya tashi ana tsakiyar addu'a ya je ya gyara ta. Na ji da kunnena dattawa suna yaba tawakkalinsa, wai ga surukin kirki, ga mai dauriya.

A ciki kuwa, da wannan fuskar dai, ƙanwata tana tona wa kanta rami. Ba a hana mace haƙuri ba, malamai ma kullum suna wa'azi a kan kururuwa, amma mata suna so su ga idon matar mamaci ya kumbura, su ga an kawo mata abinci ta ture, su ga ta jingina da wata. Auta ba ta zubar da ƙwalla ba. Abin ya taso mata, ta haɗiye, ta ba hannunta aiki kamar yadda aka koya mata. Ta wanke tukwanen da ba nata ba ne wankewa. Ta share tsakar gida ana zaune. Ta jera takalman masu gaisuwa a bakin ƙofa, ƙafa da ƙafa. Duk wadda ta ce mata ya haƙuri, ta ce da godiya, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Wata tsohuwa ta tambaye ta yadda aka yi ya cika, irin tambayar da ake amsawa da lokaci ne ya yi. Ita kuwa ta ba ta labari tiryan-tiryan, da ƙarfe nawa ƙafarsa ta yi sanyi, da sau nawa ya ja numfashi bayan nan. Na ga mata suna taɓa juna da gwiwar hannu.

Babbar ɓarnar ta faru da yayar mamacin, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ce mai faɗa a ji a cikin gidan. A Kano take aure, ba ta samu ta zo ba sai bayan an kai shi. Ta faɗi a tsakar gida tana kuka tana cewa da ta san abin ya yi tsanani haka da ta zo. Auta ta matso kusa da ita, ta durƙusa da gwiwa biyu yadda ya kamata, ta ce mata ai ya tambaye ta sau huɗu, kuma an aika mata tun ranar Talata. Na san abin da take nufi. So take ta gaya mata cewa ƙaninta yana ƙaunarta har ƙarshe. Hajiya ta daina kuka nan take, ta dube ta daga sama har ƙasa, kuma daga wannan kallon ba ta sake yi mata wani irin kallo daban ba.

Da yamma na ja ta bayan ɗaki zan yi mata faɗa. Sai na ga hannayenta sun saluɓe saboda wanke-wanke, kuma da ta buɗe baki za ta amsa min na ga jini a haƙoranta. Cikin kumatunta take taunawa tun safe. Na fasa faɗan, na ba ta ruwa ta kurkure.

Ta yi takabarta a ɗakinta na Kibiya, wata huɗu da kwana goma, ba ta karya ko ƙaramin sharaɗi ba. A cikin watannin nan magana ta yi ta yawo tana ƙara kiɓa. Wai mace ce marar imani. Wai ko ranar da aka fita da shi shara take yi. Har akwai masu cewa a bincika abin da ta riƙa ba shi. Hajiya ta dawo Kibiya ta tare a ɗakin mahaifiyarsu, ta fara cewa a fili ba za a bar jinin ƙaninta a hannun mai zuciyar dutse ba, in takaba ta ƙare uwar ta koma Rano, yarinya ta zauna a gidan ubanta. Yarinyar nan ita ce kaɗai abin da ya rage wa ƙanwata. Tare suke cin abinci a kwano ɗaya, tare suke zama su yi awa guda ba wanda ya ce uffan, kuma a wannan shirun ne kawai na taɓa ganin kafaɗunta sun sauka.

Na je wajen wani malami a Rano wanda Baba ya yarda da shi tun yana raye, na kwashe komai na gaya masa, ban da zancen buga goshi. Ya ce uwa ita ta fi kowa cancantar riƙon 'yarta matuƙar tana da hankali da amana kuma ba ta sake aure ba, ya ce rashin kuka ba ya cikin abin da ke ƙwace ɗa daga hannun uwa. Na biya ta rumfar ƙanena na gaya masa. Bai ɗago daga injin da yake kai ba ya ce to shi ke nan, tata ce, ranar da aka gama takaba zai samo mota ya ɗauko su su biyun da kayansu, in wani yana da magana ya je ya sami malamin. Na ce masa shi dai ba abin da ya sani sai ƙarfe. Na ce mutane ba inji ba ne, akwai zumunci, akwai gobe, yarinya ba za ta tashi ba dangin uba ba. Gaskiya ce na faɗa, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ni na gina ƙanwata da hannuna, shekara da shekaru ana yaba min ita, kuma na kasa jure a ce aikin nawa ya fito da aibu. So nake su ba ta 'yarta suna masu jin kunyar abin da suka faɗa.

Saura kwana biyu ta fita takaba na je Kibiya na same ta tana ninke kayan yarinyar. Na ce mata jibi za a taru a yi sadaka, Hajiya za ta yi maganar marigayi, to a wannan lokacin ina so ta yi kuka. Na ce ƙwalla biyu kawai suke nema, in sun gani bakinsu zai mutu.

"Wane irin kuka, Yaya?"

"Irin na mutane. Irin wanda kika ga ana yi."

"Ban iya shi ba. Na gwada a madubi. Nawa kaɗai na iya."

"To ki yi naki, amma kaɗan."

Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta kalli haɓata. "Ba shi da kaɗan," ta ce.

Na ji wannan maganar sarai. Ba zan ce ban ji ba. Amma shekara ashirin da wani abu rabon da in ga abin ya kama ta, na ɗauka ya mutu, na ɗauka ni na kashe shi. Na ce mata ni ce na ce ta yi, kuma ta taɓa ganin na sa ta a hanyar banza? Ta ce a'a.

Ranar ta zo. Aka yi waina da gumba, mata sun cika tsakar gida, maza suna zaure tare da wan marigayin, Alhaji, da limamin unguwa da ƙanena. Auta ta yi wanka ta sa sabon kaya ta zauna a tabarma, 'yarta a gefenta. Bayan an yi addu'a Hajiya ta fara magana a kan ƙaninta, yadda ta goya shi, yadda ya fara koyon ɗinki da keken aro, yadda bai taɓa mayar wa kowa baƙar magana ba. Mata suka fara sharɓar kuka. Auta ta juyo ta dube ni. Na gyaɗa mata kai.

Da farko wani sauti ne ya fito can ƙasan maƙogwaronta, kamar na saniyar da aka raba da ɗan maraƙi. Sai ta fara jijjiga. Na ce a raina ya isa haka, na miƙa hannu zan taɓa ta, amma ta riga ta wuce inda hannuna zai kai. Jinyar wata goma sha ɗaya ce ta fito, da takabar, da duk abin da ta haɗiye tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta yi ihu har kajin gidan suka watse. Ta yage mayafinta. Ta rarrafa ta sami bangon rumbu ta fara buga goshinta, bugu na gaske, ana jin sa daga zaure. Mata suka tashi da salati, wata tana cewa a kawo garwashi da hayaƙi, wata tana tofa mata ayoyi a kunne da ƙarfi. Su huɗu suka danne ta a ƙasa, kuma duk wanda ya san abin nan ya san dannewa ƙara masa wuta take yi. Ta ciji wata a dantse. Ni ina tsaye riƙe da gefen zanina, malama guda, mai takardar bita.

Maza suka shigo. Ƙanena ne ya ratsa tsakiyar matan ba sallama, ya ce kowa ya cika ta. Bai ɗaga murya ba, ya dai maimaita har suka cika. Ya ce mai tofi ta yi shiru, a fitar da garwashin. Ya naɗe dardumar liman ya sa tsakanin goshinta da bango, ya zauna a ƙasa kusa da ita ya juya mata baya, bai taɓa ta ba, bai dube ta ba. Shi da ba ya gane fushin matarsa sai ta faɗa, shi kaɗai ya san abin da ake yi, don ya san abin daga ciki. A hankali ihun ya koma nishi. Na ji wani dattijo a bayana yana cewa ka ga namijin duniya.

Bayan azahar Alhaji ya sa aka kira ni zaure. Mutum ne mai ladabi, bai ci min fuska ba. Ya ce shi da bai goyi bayan Hajiya ba, ya ɗauka zancen mata ne, amma yau kowa ya gani da idonsa. A gaban liman ya tambaye ni, tsakanina da Allah, ko ta taɓa yin haka. Na ce tana yi tana yarinya. Na shiga bayani, ina ambatar otizim, ina cewa ba hauka ba ne, ina cewa ni na sa ta, ina cewa ɗan'uwanta ma da kuke yabo abin da ke gare shi ke nan. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wato dai abu ne na ƙwaƙwalwa, kuma a jininmu yake. Game da ƙanena ya ce ai shi namiji ne, ba a ba shi raino ba. Na ce to a ba ni yarinyar ni in riƙe. Ya ce ina gidan wani, ya kamata in fara jin ta bakin maigidana, kuma na san abin da maigidana zai ce game da shiga kotu da dangin mamaci. Liman ya ce a bar yarinya inda take har uwar ta samu lafiya. Babu wanda ya faɗi ranar da za a ce ta samu.

Da la'asar motar da ƙanena ya samo ta tsaya a ƙofar gida, aka loda kayan mutum ɗaya. Auta ta fito da ƙullutu a goshi, muryarta ta dishe, ta bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya ta yi musu sallama yadda ake yi, har da wadda ta ciza, ta ba ta haƙuri. Yarinyar tana tsaye a bakin zaure, hannayenta a gefe, idonta a kan tayar mota. Ta tambayi uwarta ran wace rana za ta dawo. Wata uwar za ta ce gobe ko jibi. Ƙanwata ta ce ba ta sani ba. Yarinyar ta ce to. Ba ta yi kuka ba, ba ta riƙe zanin uwarta ba, sai yatsunta da suke ta motsi a jikin cinyarta. Hajiya ta dafa kan yarinyar ta ce wa matan da ke wajen su duba, ko ƙwalla babu, amma ba komai, a nan za a gyara ta.

Mun shiga mota direba ya tayar, sai Auta ta kama hannuna, ita da ba ta son taɓa mutum.

"Yaya, ki koma ki gaya musu. In ta fara, kada su danne ta. Su yi shiru kawai su sa mata abu mai laushi."

Ban san yarinyar tana yi ba sai a lokacin. Na ce wa direba ya dakata, na sauka, na koma. Na tarar da Hajiya a zaure tana ba yarinyar waina a baki, yarinyar tana kau da kai. Na tsaya. Na ga in na faɗa, na sa mata tambarin da zai bi ta har ɗakin aurenta, a gidan da yau ɗin nan aka ga abin da aka gani. Na ga in ban faɗa ba, ranar da ta fara su huɗu za su hau kanta da garwashi. Hajiya ta ɗago ta ce ko mun yi mantuwa ne. Na ce a'a, na dawo ne in ƙara yi mata godiya.

Na koma mota na zauna. Ƙanwata ta ce, kin faɗa? Na ce na faɗa. Ta gyaɗa kai ta jingina da gilashi ta rufe ido, don a duniya ba ta taɓa kawo wa ranta cewa zan yi mata ƙarya ba. Tana ɗakin Inna yanzu, tana yi wa mutane saƙa, ana kawo mata 'yarta da Sallah ta yini. Bana yarinyar za ta cika sha ɗaya, kuma har yau ban faɗa ba.